Baka da Kwari a Daular Mugal ta Indiya: Shaidar Gidajen Tarihi

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba kayan harbi na Indiya da ke ajiye a gidajen tarihi, da kuma iyakar abin da za su iya shaida wa mai nazari.

A shekarar 1526 Babur ya ci Ibrahim Lodi da yaƙi a Panipat, ya kafa daular Mugal. Ko da yake ya zo da igwa, mahayansa 'yan baka su ne suka yi wa abokan gaba ƙawanya da ruwan kibau. Bakan nan nasu haɗi ne na itace da ƙaho da jijiya, a manne su da danƙo, a bar su watanni su bushe. Gajere ne, amma yana cin nisa. Da babban yatsa ake jan tsirkiyarsa, shi ya sa maharbi ke sanya zobe don kada ta yanke shi.

Sai dai danshin damina yakan sassauta danƙo, ƙwari kuma su ci jijiya. Saboda haka maƙeran Indiya suka riƙa ƙera baka na ƙarfe zalla, wanda bai kai na ƙaho cin nisa ba, amma yakan daɗe a taska bai lalace ba.

Irin waɗannan kaya sun shiga Ingila ta hanyar ganima da kyauta: bayan kashe Tipu Sultan a 1799, da bayan mamaye Panjab a 1849, da kuma lokacin ziyarar Yariman Wales a 1875 zuwa 1876. A gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan akwai zoben Sarki Shah Jahan na farin dutse mai daraja, ɗauke da laƙabinsa da shekarar 1042 Hijiriyya, wato wajejen 1632.

A nan ne ya kamata a yi hattara. Zobe irin wannan ado ne da alamar sarauta. Bakan gora na dakaru da na mafarautan ƙabilar Bhil, wanda ya fi kowanne yawa a zamaninsa, shi ne bai cika jure shekaru ba, masu kwasar ganima kuma ba su damu da shi ba. Ashe ke nan abin da ya wanzu ya fi ba da labarin fada bisa ga labarin fagen fama. Wajibi ne mai nazari ya gwama shi da zane-zanen zamanin da rubutattun bayanai, irin su Ain-i Akbari na Abul Fazl, kafin ya yanke hukunci.