Kanon Da Aka Ɗauka A Hoto, Da Wadda Aka Manta

Mai karatu, in ka taɓa shiga Gidan Makama ka tsaya gaban tsofaffin hotunan nan masu baƙi da fari, to ka san abin da nake nufi in na ce hoto shaida ne. Amma shaidar ma tana da son kai. Abin da mai kyamara ya ga dama shi yake nuna maka, sauran kuwa ko oho.

Bari mu faro daga kan Dala. A 1851 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa Abdulkarim, ya shigo Kano, ya hau dutsen, ya zana garin da hannunsa. Da ya koma gida sai wani mai zane, Bernatz, ya gyara zanen aka buga a littafin tafiyarsa. Ka ga ke nan hoton Kano da ya fara zagaya Turai, wanda ya ƙarasa shi bai taɓa shan ruwan garin ba! Duk da haka, soraye da itatuwan dabinon da ke ciki su ne suka zama fuskar Kano a idon duniya.

Bayan Turawa sun ci garin a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, sai kyamara ta biyo bayansu. Jirgin sama ma ya fara sauka a garin cikin Nuwamba 1925. Wanda ya fi burge ni a masu hoton wancan zamani shi ne Walter Mittelholzer, matuƙin jirgi ɗan ƙasar Suwizalan, wanda ya ratso ta Kano a tafiyarsa ta Tafkin Chadi tsakanin 1930 da 1931. Daga sama ya ɗauki garin. Wallahi in ka kalli hotunan sai jikinka ya yi sanyi. Ga ganuwa ta yi wa birni zobe, ga gonaki shimfiɗe a cikinta, ga kududdufai birjik a tsakanin unguwanni, waɗanda daga cikinsu aka haƙi ƙasar da aka gina gidajen. Yau je ka nemi kududdufan nan. An cike da yawansu an yi gini, kuma kowace damina ruwa sai ya dawo neman gidansa na da. Hotunan suna ajiye a wata jami'a a Zurich, sun kuma zuba su a intanet. (Abin mamaki, Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer da ya buɗe makarantar boko a nan Nassarawa a 1909, shi ma asalinsa can ne.)

Sai Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, wanda ya shigo a ƙarshen shekarun 1950. Shi bai tsaya ga hoto kaɗai ba, har awon ɗakuna da bakan gizo da zankwaye ya riƙa yi yana zanawa. Aikinsa ne ya haifar da gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano. To ka ji, wai mutumin Kano sai ya je Jos ya ga yadda ganuwarsa take kafin zaizaya da masu yankan filoti su cinye ta.

Amfanin waɗannan hotuna ba ya musantuwa. Tsohon Masallacin Juma'a na cikin gari, mai hasumiyar ƙasa, wanda aka maye gurbinsa da na yanzu a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a hoto kawai za ka gan shi. Dalar gyaɗa da ake danganta ta da su Alhassan Ɗantata, ita ma haka, sai ko a bayan takardar naira 200 da ta fito a 2000.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Duba hotunan nan kaf, abu huɗu ko biyar ne ake ta maimaitawa: ƙofar gari, Gidan Rumfa, marinar Ƙofar Mata, Kasuwar Kurmi, hawan salla. Baƙo ya zo neman abin da babu a garinsu, me zai yi da hoton masana'anta alhali daga garin masana'antu ya fito? Shi ya sa wata Kano guda sukutum ta kusa ɓacewa ba shaida. Ina nufin Kanon Bompai, wadda ta fara cika da kamfanoni tun kafin samun 'yanci, da ta Sharaɗa da Challawa da suka biyo baya. Masaƙu, majemu, injinan matsar man gyaɗa, kamfanonin alewa da na robobi. Dattawa suna ba mu labarin yadda kekuna ke cika titi maƙil in an tashi aiki, jiniya na kuka. Daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, sai rashin wuta, sai kayan waje masu araha, ƙofofi suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun zama rumbun ajiye kaya. Ina hoton kekunan nan? Ni dai na nema har na gaji.

A nan ne nake ganin laifinmu, mu 'yan fim. Tun daga 'Turmin Danya' a 1990 kyamara ta dawo hannun 'yan gida, babu sauran cewa Bature ne ya zaɓa mana. Me muka yi da ita? Muka shige falon Alhaji a Nassarawa G.R.A. muka rufo ƙofa. Kujeru, labule, firij. In an fita waje kuwa sai lambu, a yi rawa a dawo. Sau nawa ka ga jarumi leburan masaƙa ne, an bi shi har bakin injinsa? Ko gidajen silman da suka raine mu ba mu adana ba. Falas ta Jakara ta koma asibiti, sauran kuwa sai dai a nuna maka wurin da yatsa. In wani tsohon gini ya fito a finafinanmu na kaset, to katari aka yi, ya faɗo ne a bayan jaruma.

Kada kuma ka ɗauka sai tsohon gini ne ke tafiya. Shataletalen ƙofar Gidan Gwamnati da aka gina don bikin cikar Jihar Kano shekara 50 a 2017, a dare ɗaya aka rushe shi a watan Yuni 2023. Ba siyasarsa ce ta dame ni ba. Abin lura shi ne washegari hotunansa suka cika Facebook, domin kowa ya taɓa tsayawa gabansa da waya. Masaƙun Sharaɗa ba su samu wannan gatan ba.

Mahaifina ya yi shekaru a ɗaya daga cikinsu kafin a rufe ta. Kwanaki na ce masa, "Baba, ba ku da ko hoto ɗaya na wurin aikinku?" Ya yi shiru, ya tashi ya buɗe tsohuwar adakarsa, ya miƙo mini katin shaidar aiki. Fuskarsa ce kawai a jiki, da farin ƙyalle a bayansa.