Ƙwallon Mangwaro da Ƙwayoyin Cuta: Tsakanin Juji da Ɗakin Gwaje-gwaje

Daga Afrilu zuwa Yuni, sa'ad da mangwaron Orodara da Bobo-Dioulasso ya cika kasuwannin Wagadugu, jujin unguwanni irin su Tanghin kan tumbatsa da ɓawo da ƙwallo, waɗanda sukan kai kashi ɗaya cikin uku na nauyin ɗan itacen. Idan aka fasa ƙwallon aka ɗanɗana farar tsokar cikinsa, bauri ne yake kama harshe, kuma tushen wannan baurin shi ne tanin, wato sinadarin da ke cikin bagaruwar da majeman Kano suke jeme fata da ita don kada ta ruɓe. Irin tanin ɗin da ke ƙwallon mangwaro yana ƙwace sinadarin ƙarfe da bakteriya take bukata, sannan yana ɗaure furotin ɗinta har ta kasa yaɗuwa.

Akan gwada haka da dabarar da masana Bauer da Kirby suka daidaita a 1966: a jiƙa garin ƙwallon a sinadarin etanol, a tace, a ɗiga a 'yar takarda, a aza ta kan farantin da aka shuka bakteriya, washegari a auna faɗin filin da ya fito fayau kewaye da ita. Sau da yawa Staphylococcus aureus, mai haddasa maruru, ta fi saurin karaya, alhali Escherichia coli takan jure saboda ƙarin fatar da ta lulluɓe ta.

Batun ba na wasa ba ne, domin binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki. Sai dai faranti ba cikin mutum ba ne. Jiƙon da ya share fili a gilashi yana iya rasa ƙarfinsa a hanji, kuma ƙwallon da ya kwana cikin danshi yakan yi funfuna mai guba. Saboda haka abin da ya fi dacewa masanan Jami'ar Joseph Ki-Zerbo da ke Wagadugu su fara aunawa shi ne amfanin da bai kai ga haɗiya ba, kamar wanke latas da tumatirin lambunan bakin madatsar ruwan Tanghin kafin su isa kasuwa.