Baƙo a Ƙofar Dundaye: Addu'ar Matafiya a Tarihin Sakkwato

Ƙofar Dundaye tana cikin tsofaffin ƙofofin birnin Sakkwato, tare da irin su Ƙofar Kware da Ƙofar Rini da Ƙofar Marke. Ta samo sunanta daga garin Dundaye, wajen da babban mazaunin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake a yau. A zamanin ganuwa, babban baƙo ba ya shiga gari gaba gaɗi. Sai an kai labarinsa fada, a ba shi masauki. Mun fara da ƙofar ne domin ɗalibanmu da ke zuwa aikin bishara a Nijar da Chadi sukan dawo suna lissafa baƙin da suka yi wa addu'a a tasha da kasuwa. To, wane ne baƙon a can? Su ne.

Kiristan da ya fara shahara da zuwa Sakkwato daga Turai ba ɗan mishan ba ne. Hugh Clapperton hafsan sojan ruwan Ingila ne. Ya sauka wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, ya sake dawowa a 1826 da kyautar littattafan Larabci, har da Zabura da Sabon Alkawari. Bello malami ne, ya yi masa tambayoyi a kan ɗarikun Kirista na dā. Da ciwo ya kwantar da Clapperton, yaronsa Richard Lander ne yake karanta masa Littafi Mai Tsarki kullum. Ya rasu ranar 13 ga Afrilu, 1827. Bello ya ba da izini da masu haƙa kabari, aka ɗauki gawar a kan raƙumi zuwa wani ƙauye a wajen birni, Lander ya karanta addu'ar jana'iza shi kaɗai, ba mai cewa amin. Mu lura: ko wannan addu'ar ma da izinin mai gari aka yi ta.

A 1900 Bishop Tugwell da Dokta Walter Miller na CMS suka isa Kano ba da gayyata ba, Sarki Aliyu ya sallame su. A watan Maris na 1903 Turawa suka ci Sakkwato, Lugard ya yi alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki a addinin Musulunci ba. Daga nan aka yi shekaru fiye da 30 ana taƙaita aikin mishan a masarautun Arewa. 'Yan mishan sun yi gunaguni ƙwarai. Amma a shekarun nan abin da ya rage musu game da Sakkwato shi ne roƙo daga nesa, saboda mutanen da ba su taɓa gani ba, irin wanda Bulus ya umarci Timoti ya yi domin dukan mutane da sarakuna (1 Timoti 2:1-2). A ganinmu wannan ma hidima ce cikakkiya, ko da yake ba ta shiga rahoto.

Ƙofa ta buɗe ta hanyar kuturta. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ɗin SIM ta karɓi kula da kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano, tare da haɗin kan En'e. Maganin lokacin allurar man wani itace ne daga Indiya, mai zafi, sai an daɗe ana yi. A nan ne ma'aikatan mishan suka sami damar zama kusa da mutanen da dangi suka gudu, suna wanke musu gyambo, suna yi musu addu'a. Ba mu raina wannan aiki ba. Waɗansu iyalan masu bi na Hausawa daga can asalinsu yake. Duk da haka dole mu faɗi gaskiya. Hannun da ke riƙe da allura shi ne ke buɗe Littafi. Majinyacin da ya yi tafiyar kwanaki neman magani, in aka ce masa a yi addu'a, yana da bakin cewa a'a? Wannan tambaya ba ta tsufa ba. Tana nan duk ranar da muka je ƙauye da buhun gero ko akwatin magani.

Akwai kuma abin da ya shafi harshenmu. Bahaushe ba ya ƙin addu'a. Ka ce wa majinyaci Allah ya sawwaƙe, zai ce amin, ko wane ne kai. Saboda haka in ka tambayi dattijo a tashar Illela ko Ƙonni ko ka yi masa addu'a, zai iya amsawa da to, yana zaton irin wannan ce. Sai ya ga ka ɗora masa hannu a ka, ka ɗaga murya cikin sunan Yesu, jama'a sun taru. Kai za ka hau mota. Baƙo raɓa ne. Shi ne zai zauna da tambayoyin maƙwabta, haka ma 'yar ƙaramar ikkilisiyar garin, wadda ba ka ko gaisa da fastonta ba.

Ubangiji da kansa ya tambayi makaho Bartimawus abin da yake so kafin ya warkar da shi (Markus 10:51), ya kuma gargaɗe mu game da addu'ar bakin hanya don idon mutane (Matiyu 6:5). Don haka muke koya wa masu tafiya su fara sauka wurin faston garin, su gai da mai unguwa. In za su yi wa wani addu'a, su faɗa masa tun farko cewa su masu bin Yesu ne, cikin sunansa kuma za su roƙa. Mai magani ya ba da maganin tukuna, ya rufe akwatinsa, sa'an nan ya yi tayi. In mutumin ya ce a'a, a yi masa godiya, a yi sallama, a ɗauki damuwarsa zuwa masauki a roƙa masa a ɗaki.