Farin wuri a Kurfai: mai ƙirga da mai karatu

Kafin kuɗin Faransa su shigo yankin Kurfai, da farin wuri ake auna hatsi a Filinge, da shi ake biyan sadaki a Bonkuku, babban garin Imanan. Baƙo ne na nesa. Daga tsibiran Maldib, can cikin tekun Indiya, ya taso, ya bi hannun fatake har ya game ƙasar Hausa. A 1851 Bajamushe Heinrich Barth ya tarar a Kano ana ba da wuri 2,500 a kan dala guda ta azurfa. Da ƴan kasuwar Jamus suka yi ta jibgo wani iri daga Zanzibar sai darajarsa ta zube, kuma a farkon ƙarni na 20 Nasara suka ture shi da nasu kuɗin.

Ya bar kasuwa, amma ya yi zamansa a hannun mutum biyu: ɗan caca da mai duba.

Aikin ɗan caca ƙirga ne. Ya fasa bayan wurin ya goge shi a dutse don ya iya faɗuwa ta kowace fuska, ya watsa, ya duba nawa suka buɗe baki, nawa suka kife. Nan take an san mai ci, an san wanda zai koma gida ba riga. Wannan sana'a ba ta sha wahalar sauya kaya ba. Karta da ƙwayar lido sun gaje ta.

Mai duba kuwa karatu take yi. Ƙanwar kakata, da muke kira Inna, tana watsa nata a faifai, kuma ban taɓa jin ta faɗi adadi ba. Zaman kowane wuri kusa da ɗan'uwansa take kallo. Biyu sun hau juna, ta ce aure ko haihuwa. Ɗaya ya ware can gefen faifai, ta ce tafiya, wataƙila ɗan da ya tafi ci-rani Kumasi ko Legas. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jifa ɗaya kan ɗauko alheri da akasinsa tare. Sai ta ce wa mace: "Ɗiyata, saƙonki na tafe, amma akwai baki a bayansa." Inna ce za ta ɗinke alamun su zama labari, da abin da ta sani na gidan matar, da damina, da bashi, da kishiya.

Gaibu na Allah ne shi kaɗai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausan hani ga masu da'awar saninsa ta bugun ƙasa da makamantansa, kuma ina tare da wannan hani. Fasahar sarrafa alamu ce nake so a kula da ita, don ta sake ɓullowa inda ba a zata ba. A Amurka, tun fitowar Dungeons & Dragons a 1974, ana wani wasa da mutane kan kewaye tebur su ƙaga labari tare, ƙwaya mai lambobi tana yanke musu hukunci. A 2013 kamfanin Fantasy Flight Games ya fitar da Star Wars: Edge of the Empire da ƙwayoyi masu alamu maimakon lamba: nasara da faɗuwa suna kashe juna, sa'a da barazana ma haka. Ɗan wasa kan buɗe ƙofar da yake so amma ya tada masu gadi, ko ya kasa buɗewa amma ya hango wata hanya. Jagoran wasa ne zai faɗi yadda aka yi. Aikin Inna ke nan, sai dai su sun san wasa suke yi.

Tsofaffin da suka iya karanta faifai suna ƙarewa a ƙauyukan Dallol Boso, kwarin da Kurfai da Imanan ke ciki. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Abdu Mumuni da ke Yamai, musamman ƴan Kurfai da Imanan, ku zauna da su ku rubuta sunayen zaman wuri da ma'anar da suke ba kowanne tun suna da rai.