Yaƙin Haɗeja na 1906

Yaƙin Haɗeja gumurzu ne da aka yi ranar 25 ga Afrilu, 1906, tsakanin mayaƙan Masarautar Haɗeja, da ke Jihar Jigawa a yau, da rundunar Turawan Ingila. Sarkin Haɗeja Muhammadu, wanda ya hau gadon sarauta a 1885, ya ƙi miƙa wuya, shekara uku bayan faɗuwar Kano da Sakkwato.

Rundunar ta taso daga Kano ƙarƙashin Kanar Lowry Cole. Mahaya dawakin Haɗeja masu takubba da masu suka tari bindigogin Turawa, aka yi ta fafatawa cikin ganuwa har ƙofar fada. Sarkin ya rasu a fagen daga tare da fadawansa da dama, shi ya sa ake kiransa Mai Shahada. Haruna Mai Karamba ne ya gaje shi.