Jan soɓorodo da fari: tarihin launin sure

1/ Sure dai sure ne, amma ba launi ɗaya gare shi ba. Akwai ja wur, akwai ja mai duhu kamar zai yi baƙi, akwai fari. Ku biyo ni mu bi tarihinsa.

2/ Mu a Sakkwato sure muke cewa, Kano su ce yakuwa. Abin da ake jiƙawa a sha shi ne soɓorodo ko zoɓo, 'ya'yan kuma gurguzu. Turawa sun raɗa mishi Hibiscus sabdariffa, sunan da Linnaeus ya rubuta a 1753.

3/ Zoɓon nan ba shi ne furen ba. Furen buɗewa yake da safe ya yanƙwane a ranar. Abin da ake girba kwanson da ke rungume da gurguzu ne, wanda ke yin kauri bayan fure ya faɗi.

4/ Daga nan Ƙofar Dundaye in ka fita bayan gari da kaka, dubi iyakar gonaki. Nan aka saba jera sure. Tun daga kara za ka gane: mai jan kara ja zai ba ka, mai koren kara fari.

5/ Mi ya kawo bambancin? Wani sinadari, antosiyanin. Ja na da shi, fari babu, amma tsami kowa na da nashi. Matsa lemun tsami cikin jan zoɓo, zai ƙara haske. Sa kanwa, sai ya dushe ya yi duhu.

6/ Masana da yawa na ganin a Afirka aka fara nomansa, wajajen Sudan. Zamanin cinikin bayi ya ƙetare teku. A 1707 har ya shiga littafin Hans Sloane kan tsirran Jamaika. Shi ya sa mutanen Meziko ke kiran zoɓo "jamaica" har gobe.

7/ A 1911, Albert Howard da matarsa Gabrielle, masu bincike a Pusa ta Indiya, sun kasa shi bisa launi. Ja sunka ce ruber, fari albus, na tsakiya intermedius. Kakanninmu mata ba su san Latin ba, amma sun san gurguzun da za su ware.

8/ Abin da ya taimake su: sure yawanci kansa yake yi wa barbara. Ka shuka irin fari, fari zai fito. Kenan wanda ya ɓoye iri shi ya riƙe launin.

9/ Kuma kowane da aikinsa. Ja na sha ne. Fari na miya da kwaɗo, yana ba da tsami bai rina tukunya ba. Gurguzu a yi daddawar batso.

10/ Yanzu zoɓo ya zama kayan fitarwa waje. Daga Jigawa da Kano ana lodinsa zuwa Meziko, kuma ja mai duhu 'yan kasuwa ke nema. Ba na ganin laifin manomi in ya bi kuɗi.

11/ Tsorona shi ne, sure shukar shekara ɗaya ce. Gidan da ya yi 'yan damunai bai shuka fari ba, irinsa ya tafi ke nan, sai dai ya roƙa wurin maƙwabta.

12/ Don Allah ku tambayi tsofaffinku ko akwai sauran gurguzun fari a gida. In akwai, a ba shi ko kunya ɗaya ce a bakin gona bana. Ku kuma mi kuke kiran sure a garinku?