Karatun Yunanawa da Rumawa a Kwaleji da Sawunsa cikin Nahawun Hausa

Shekaru aru-aru a Ingila ba a kiran mutum masani sai ya san Latin da Yunananci, watau harsunan Rumawa da Yunanawa na dā. Jami'ar Kambirij ba ta daina tilasta wa mai neman shiga sanin Yunananci ba sai cikin 1919, ta Okusfod kuwa sai 1920. Latin ya daɗe fiye da haka, don sai wajen 1960 aka sauke wa ɗalibai wannan sharaɗi. Almajirin wannan fanni yakan fara da nahawu, sa'an nan ya shiga waƙoƙin Homa da na Bajil, ya karanta tarihin Herodotus da na Tasitus, ya ƙare da hikimar Aflaɗun da Arisɗo. Daga cikin irin waɗannan almajirai ne aka riƙa ɗiban masu mulkin ƙasashen da Ingila ta mallaka, har Lord Cromer, wanda ya daɗe yana riƙe da Masar, ya wallafa littafi cikin 1910 yana gwama mulkin Rumawa da na Ingilishi.

Karatun ya iso Afirka ta Yamma ta bakin teku. An buɗe Kwalejin Fourah Bay a Saliyo cikin 1827, aka haɗa ta da Jami'ar Durham cikin 1876, har aka riƙa yi wa Firitawun kirari da Atinar Afirka ta Yamma. Da aka kafa kwalejin jami'a a Ibadan cikin 1948, wannan fanni yana cikin waɗanda aka fara da su, a can ne kuma mawaƙin nan Christopher Okigbo ya sami digirinsa cikin 1956.

Mai koyar da Hausa yana iya cewa ina ruwan biri da gada. Ruwansa kuwa yana cikin littafin nahawun da ke hannunsa. Kasa kalmomi gida takwas aikin Yunanawa ne. Ana jingina shi ga Diyonisiyus, almajirin malaman Iskandariyya, wajen shekara 100 kafin haihuwar Annabi Isa, sa'an nan Donatus ya daidaita shi ga Latin cikin ƙarni na huɗu, Turai duka ta haddace. Malaman zaure ba haka suka gada ba, gida uku suka sani, ismi da fi'ili da harafi, kamar yadda Ajuruma ta kawo. (Su ma fa ba su rasa rabonsu na Yunanawa ba, gama manɗiƙin da ake karantawa cikin Sullam na Ahalari, asalinsa na Arisɗo ne, ya biyo ta fassarar malaman Bagadaza.) Turawan da suka fara rubuta nahawun Hausa, irin su Schön cikin 1862 da Robinson cikin 1897, da ma'aunin makarantarsu suka zo, da shi suka auna.

Ma'aunin bai dace ko'ina ba. Latin a wutsiyar aikatau yake nuna lokaci da mai aiki, a ce amo, amabam, amabo. Hausa kuwa a gaban aikatau take ɗora wannan kaya: ya tafi, yana tafiya, zai tafi. Wanda ya saba duban wutsiya sai ya ga kamar aikatau na Hausa ba shi da wani tsari, alhali kuwa sauyin da ke ƙarshensa wani aiki yake yi dabam, kamar a sayi, sayo, sayar, saye. Sai cikin 1960 Parsons ya fito da wannan tsari sosai, ya kasa shi aji bakwai. Jinkirin kusan shekara ɗari ke nan, laifin kuwa na tabarau ne.

Abin da ya fi ban mamaki shi ne sha'anin karin sauti da tsawon wasali. Mutanen da suka yi ƙuruciyarsu suna auna doguwar gaɓa da gajeriya cikin baitocin Bajil, su ne suka rubuta gari na zama da gari na tuwo iri ɗaya, ba su bambanta ba. Yunananci na dā ma harshe ne mai hawa da saukar murya, amma a makarantun Ingila da ido ake koyonsa, ba a furta karin. Schön da Robinson ba su nuna karin sauti ba. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 shi ne ya ba shi hakkinsa kalma kalma.

Duk da haka, da masana suka tashi neman alamun da za su ɗora bisa wasulan Hausa, rumbun Yunanawa suka koma. 'Yar karan nan mai gangarawa da ake sa wa karin ƙasa, da 'yar hular da ake sa wa karin faɗuwa, malaman Iskandariyya ne suka ƙago su, ana jingina su ga Aristofanis na Bizantiya wajen shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, don nuna inda murya ke hawa da inda take sauka cikin karatun Homa.